KUN SAYI MOTAR KWANA-KWANA, WA YA AUNA ZUCIYAR MAI RIƘE MESA?

Jama'a, hunturu ya kama, kuma kowa ya san abin da ke biyo baya. Kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016, babbar kasuwar Sakkwato da ta Katsina a 2021, Monday Market ta Maiduguri a 2023. Duk ranar da wuta ta tashi maganarmu ba ta wuce biyu: sun zo a makare, sun zo ba ruwa. Daga nan sai gwamnati ta yi alƙawarin sababbin motoci, a ɗaura masu kyalle, a yanka, a ɗauki hoto, shikenan an gama.

Ni yau ba maganar mota na zo yi ba. Maganar mutumin da ke sauka daga motar nake.

Bara wuta ta kama wani gidan bene a unguwarmu. Ina tsaye wani ɗan kwana-kwana, dattijo mai tumbi, ya hau sama sau biyu da mesa a kafaɗa. Da ya sauko na biyun sai ya zauna a bakin kwata, ya dafe ƙirji, yana haki kamar ransa zai fita. Samari suka zagaye shi da waya suna dariya, wai "Baba ya ci kuɗin ruwa, ga shi nan a cikinsa." Wallahi abin ya tsaya min a rai. Mutumin nan, iya abin da na sani, yana iya kasancewa a bakin mutuwa ne a wannan lokacin, mu kuma muna ɗaukar bidiyo.

Ku tambayi kowa me ya fi kashe ɗan kwana-kwana a bakin aiki, zai ce muku wuta ko hayaƙi ko rushewar gini. A Amurka, inda ake rubuta dalilin mutuwar kowane ɗayansu shekara da shekaru, amsar ita ce zuciya. A 2007 Dakta Stefanos Kales na jami'ar Harvard da abokan aikinsa suka fitar da bincike a mujallar New England Journal of Medicine kan mace-macen 1994 zuwa 2004. Kimanin kashi 45 cikin 100 na waɗanda suke mutuwa a bakin aiki ciwon zuciya ne yake kashe su. Abin da ya fi ɗaure kai: ainihin faɗa da wuta bai wuce kashi 1 zuwa 5 cikin 100 na lokacin aikinsu ba, amma kusan kashi ɗaya bisa uku na masu mutuwar zuciyar a wannan ɗan lokacin suke faɗuwa. Haɗarin yana ninkuwa sau 10 har sama da sau 100 idan an kwatanta da lokacin da suke zaune a ofis.

Dalilin ba boyayye ba ne. Mutum yana kwance ko yana shan shayi, ƙararrawa ta buga, zuciya ta zabura tun kafin ya sa takalmi. Ya ɗora kaya masu nauyin kilo 20 zuwa 25, riga mai kauri da hular kwano da tukunyar iska a baya, kusan rabin buhun siminti ke nan. Rigar da ke kare shi daga wuta ita ce ke hana zafin jikinsa fita. A 2017 masu bincike a Edinbura ta Sikotilan sun sa lafiyayyun 'yan kwana-kwana 19 atisayen minti 20 cikin gini mai wuta, suka tarar zafin cikin jikinsu ya hau da kusan digiri ɗaya, jininsu kuma ya fi saurin daskarewa. Lafiyayyu fa ke nan, a ƙasar sanyi. To ka ɗauko mai hawan jinin da bai san yana da shi ba, mai kitse jibge a ciki, ka tura shi wannan aikin a zafin watan Afrilu na Sakkwato. Me kake jira ya faru?

Na san abin da wasu za su rubuta a ƙasa. "Malam, tumbi ai jikin girma ne." "Wane yana da ƙiba amma ya fi ka ƙarfi." Na yarda, akwai mai nauyin da tsoka ce zalla, kuma lissafin nan na nauyi da tsawo da ake kira BMI yakan yi wa irinsu ƙage. Amma don Allah mu daina ɓuya a bayan wannan. A Amurkar ma haka suka riƙa cewa, sai wani bincike na 2011 ya auna su, aka tarar kusan 8 cikin 10 nauyinsu ya wuce ƙima, kusan ɗaya cikin uku kuma teɓa ce sosai, kuma da aka auna kitsen jikin kai tsaye sai ya zama waɗanda BMI ɗin ya zalunta 'yan kaɗan ne. Ƙarfin ɗaga buhu daban, ƙarfin zuciya da huhu daban. Ɗan dako zai ɗaga abin da ba za ka iya ba, amma hawa bene huɗu da kaya a jiki, a sauko da mutum a kafaɗa, a sake komawa, wannan aikin numfashi ne. Mai tumbi kuma yana ɗauke da kaya biyu, na hukuma da nasa. Yana zuƙe iskar tukunyarsa da wuri, tukunyar da aka rubuta mata minti 30 amma cikin aiki mai tsanani da ƙyar take kai 20. In ya faɗi a ciki, abokan aikinsa ne za su bar wutar su ja shi.

Su can sun sa wa abin lamba. Ana auna yawan iskar oksijin da jiki ke iya amfani da ita in an ƙure shi, kuma ƙa'idar hukumomin Birtaniya ta tsaya wajen mililita 42 ga kowane kilo na jiki a minti ɗaya, a da ma haka ta ƙungiyar NFPA ta Amurka take. A garuruwa da yawa na Amurka da Kanada mai neman aikin sai ya ci jarrabawar CPAT: ayyuka 8 a jere da riga mai nauyin kusan kilo 23, har da hawa matakala da jan mutum-mutumi mai kilo 75, cikin minti 10 da daƙiƙa 20. Ka wuce da daƙiƙa ɗaya, ka faɗi, ko ɗan waye kai.

Yanzu wani zai ce ai Turai ce, mu ina muka ga na'ura? Wannan uzurin ne ya fi ba ni haushi. Tef ɗin tela nawa yake? Ƙugun namiji in ya wuce santimita 102, ko ya wuce rabin tsawonsa, an shiga haɗari. Na'urar awon jini tana kowane kemis. Ƙarfin numfashi kuwa, tun 1968 Dakta Kenneth Cooper ya fito da gwajin gudun minti 12 ga sojojin saman Amurka. Wanda ya ci kimanin kilomita 2.4 a minti 12, wato zagaye 6 na filin tsere, ya kai wajen lambar nan ta 42. Wace babbar birnin jiha ce ba ta da filin wasa? Agogo da takarda da likita ɗaya a gefe, abin da ake buƙata ke nan. Kuɗin fentin mota ɗaya zai auna dukan ma'aikatan jiha. Sai dai awon ƙugu ba shi da kwangila, ba a kuma ƙaddamar da shi da makaɗa.

Kuma kar wani oga ya karanta wannan ya ce ya samu hujjar kora. Tumbin nan ba daga sama ya faɗo ba. Ka ɗauki yaro siriri yana ɗan shekara 25, ka yi masa gwajin gudu sau ɗaya ranar ɗaukar aiki, ka ajiye shi shekara 20 yana kwanan aiki, barci a yanke, abincin dare indomi da burodi da lemon kwalba, ba wurin motsa jiki, ba likita, albashi ba ya kai ƙarshen wata, sannan ka zo kana yi masa dariya? Wanda ya faɗi gwaji a ba shi wata uku ko shida da mai horarwa da magani, a sake auna shi. In abin ya ƙi, akwai tuƙi, akwai ɗakin amsa waya, akwai zagayen duba wayoyin wuta a kasuwanni da koyar da 'yan kasuwa, aikin da dattijo mai gogewa ya fi yaro iyawa nesa ba kusa ba, kuma ba a taɓa albashinsa ba.

Ku ma 'yan kwana-kwana, yayyena da ƙannena, da ku nake. Na san ana raina ku, har jifan motarku ake yi a wasu wuraren, abin kunya ne gare mu. Amma sigarin nan da cokali huɗu na sukari a shayi ba gwamna ne ya sa ku ba. Wanda ya ji ƙirji ya ɗaure masa, ko jiri, ko numfashi ya ƙi dawowa bayan an kashe wuta, kar ya ce gajiya ce ya tafi gida ya kwanta. Binciken Kales ɗin nan ya nuna har a hanyar dawowa daga wuta haɗarin bai gama sauka ba.

'Yan majalisun jihohi da za su zauna kan kasafin baɗi, in shugaban hukumar kashe gobara ya zo kare nasa, ku tambaye shi motoci nawa ke aiki, daidai ne. Sannan ku tambaye shi: ma'aikatanka nawa aka auna wa jini da ƙugu a bana, nawa suka yi gudun minti 12, nawa suka ci, kuma cikin waɗanda suka rasu suna aiki a shekara goma da suka wuce, nawa ne aka rubuta musu "gajeruwar rashin lafiya"? Ya kawo a rubuce.