Zango a Bakin Gandu: Darasin da ke Jiran Ɗalibin Hausa a Ƙasar Zuru

A Amurka da wasu ƙasashen Turai akwai wata irin mota da ake ƙerawa da ɗaki a bayanta, da gado da murhu da tankin ruwa da makewayi duk a ciki. Idan hutu ya zo sai magidanci ya kwashi iyalinsa a cikinta, ya nufi ɗaya daga cikin gandayen namun dajin ƙasarsu, ya biya kuɗin fili, ya yi zango na kwana 3 ko mako guda ko fiye. A gandun Yellowstone na Amurka, wanda aka keɓe tun 1872, har akwai wani masauki da ake kira Fishing Bridge, inda ba a yarda kowa ya kafa tanti ba, sai dai ya kwana cikin irin wannan mota mai ƙaƙƙarfan bango, saboda beyar, watau wata ƙatuwar dabba mai farata da ke yawo a wurin. Abin da waɗannan mutane ke yi a kwanakin zangon ba wani abin mamaki ba ne. Da sassafe su fita yawo a ƙasa, su duba sawun abin da ya wuce da dare, su kalli tsuntsaye da madubin hangen nesa, su jefa ƙugiya a rafi. Da yamma su hura wuta su gasa abin da suka kama, dare ya yi su shimfiɗa bargo suna kallon taurari. Yaransu kuwa akan ba su ɗan littafi su riƙa rubuta abin da suka gani, in sun cika shi ma'aikacin gandu ya ba su lamba.

Bahaushen ƙauye in ya ji wannan labari dariya zai yi, kuma yana da hujja. Abin da Bature ke biyan kuɗi ya yi a hutunsa, shi ne abin da makiyayi ke yi a mashekari tun daga kaka har faɗuwar ruwa, shi ne abin da maharbi ke yi in ya kwana a dawa, kuma da shi fatake suka rayu a zangunansu tsakanin Kano da Gwanja. To, amma kafin dariyar ta yi nisa, sai a shiga ajin ƙarshe na kowane Sashen Hausa a tambayi ɗalibai bambancin gwanki da kanki, ko na mariya da gwambaza, ko kuwa a ce wani ya siffanta ganyen maje. Za a sami waɗanda suka rubuta shafi 10 a kan kirarin maharba, suka feɗe adon harshen da ke ciki, suka fitar da kamance da jinsintarwa, alhali dabbar da ake wa kirarin ba su taɓa ganin ko hotonta ba. Kalmar tana nan a bakinsu, abin da take nufi ya ɓace musu. Irin wannan nazari daidai yake da na mai sharhin waƙar noma wanda bai taɓa riƙe hauya ba.

Saboda haka ya kamata sassan Hausa su mai da zango a bakin daji wani ɓangare na karatu, sau ɗaya a shekara, a ba shi maki kamar yadda ake ba nahawu da adabi. Wurin da ya fi dacewa da wannan a arewa maso yammacin Nijeriya kuwa shi ne ƙasar Zuru.

Zuru tana kudu maso gabashin Jihar Kebbi, ƙasa ce ta duwatsu da kwaruruka, ta fi Sakkwato da Katsina samun ruwan sama, don haka itatuwan da suka daɗe da ƙarewa a can har yanzu akan same su a nan. Masarautar ta ƙunshi Dabai da Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu. A zamanin Turawa tana cikin Lardin Neja ne tare da Kwantagora, sai a 1976 ta koma Jihar Sakkwato, sa'an nan ta faɗa Jihar Kebbi da aka ƙirƙiro a 1991. Hanyar da ta tashi daga Zuru ta bi ta Rijau zuwa Kwantagora ita ce ke kai mutum kusa da Zugurma, watau ɓangaren gabas na gandun namun daji na Tafkin Kainji. Wannan gandu shi ne na farko da gwamnatin tarayya ta kafa da doka, a 1979, bayan an haɗe tsofaffin gandaye biyu: na Borgu a yammacin tafkin, mai murabba'in kilomita 3,970, da na Zugurma mai 1,370. A ɓangaren Borgu ne Kogin Oli ya ratsa, inda aka gina masaukin baƙi, kuma a nan aka san dorina da kada da ɓauna da gwanki da mariya da gyado da garken gogo.

A ɗauka ɗalibai 20 sun sauka a gefen wani ƙauye na wannan yanki, tare da malami guda da wani tsohon maharbi na garin. Tafiyar hantsi kaɗai, daga sallar asuba zuwa lokacin da rana ta fara zafi, ta isa ta cika littafin ɗalibi. Ga doka, wadda ta fi yawa a irin wannan daji. Ga maje mai fitar da ƙaron da ake turare da shi. Ga ƙirya, wadda maƙera ba su da gawayin da ya fi nata, ana sassaƙa turmi da ita saboda taurinta, 'ya'yanta kuma a yi daddawa. Ga marke da ake asuwaki da shi, ga maɗaci mai ɗacin ɓawo wanda sunansa ma ya faɗi halinsa, ga kawo da madobiya waɗanda Fulani ke hawa su sare ganyensu su ba shanu in rani ya tsananta. Ɗorawa ita kaɗai darasi ce guda: daga tutunta zuwa garinta mai zaƙi, zuwa kalwa, zuwa makubar da ake daɓe da yaɓe da ita, kowane mataki da sunansa da fi'ilinsa. Maharbin ba zai tsaya a suna ba. Zai faɗi watan da itacen ke fure, da dabbar da ke son 'ya'yansa, da cutar da saiwarsa ke magani, da dalilin da ya sa ba a yada zango a gindin wani. Wani abin da zai faɗa gaskiya ne, wani camfi ne, kuma ɗalibin al'ada yana bukatar duka biyun, muddin ya san yadda zai rubuta kowanne a gurbinsa.

Madobiya ta cancanci a ɗan tsaya a kanta. Ita ce itacen da aka yi wa ca a Afirka ta Yamma ana sarewa ana kaiwa Sin don yin kujeru da gadaje masu tsada, har ta kai an sanya ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe daga 2017. Ƙauyen da aka sare masa madobiya, yaransa za su tashi ba su san ta ba, kuma in tsofaffin suka kau sunan zai bi su, tare da duk abin da aka sani game da ita.

Tsuntsaye ma haka. Burtu, wanda maharba ke ɗaura kansa a goshi su yi ta rarrafe su yaudari nama, ɗalibai da yawa a zance kawai suka san shi. Haka cilakowa da ragon maza da fakara da carkin da ke bin bayan shanu, da shamuwar da zuwanta ke shaida wa manomi damina ta ƙarato. In aka karkata yamma zuwa Yawuri, inda ruwan tafkin ya kai tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, sai a zauna da Sarkawa a bakin jirgi a ji bambancin giwar ruwa da bargi da yauni da tsage da kurungu, a ga mali da gura da birgi da ido. Da dare kuwa, nesa da fitilun gari, a nuna wa ɗalibi Kaza da 'Ya'yanta da Zara, in ya iya farkawa da wuri ya ga Gamzaki. A nan ne kuma tatsuniya ke komawa mazauninta na asali, cikin duhu, da murya, da masu amshi, maimakon a kan takardar jarrabawa.

Wani zai ce ai Zuru ba ƙasar Hausa ba ce. Gaskiya ne, kuma wannan ƙarin riba ne ga ɗalibin harshe. Mutanen da Hausawa ke kira Dakarkari suna kiran kansu Lelna, harshensu kuma C'lela, ga Fakkawa da Dukkawa da Kambari da sauransu a kewaye, kowa da nasa harshe, Hausa ce ke haɗa su a kasuwa. Dattijon da za a tambaya sunan itace zai iya ba da biyu, na harshen iyayensa da na Hausa, kuma na Hausar ma ba lalle ya zo daidai da na Kano ba. Mai nazarin karin harshe da aron kalmomi bai da abin da ya fi wannan. Sai dai akwai sharaɗi: a rubuta duka sunayen biyu, kowanne a ginshiƙinsa. Ɗalibin da ya je ya kwaso na Hausa ya bar na masu gida ya yi rashin ladabi, ya kuma yi rabin aiki. Mutanen da suka bar kadoji suna rayuwa lafiya a Girmache, ba don wata dokar gwamnati ba sai don abin da suka gada, suna da abin faɗi game da zaman ɗan Adam da dabba, kuma da bakinsu ya kamata a ji shi.

Abin takaici, aikin da ake dogara da shi a wannan fage ya tsufa. Likita J. M. Dalziel, wanda ya tattara tsirrai a ƙasashen Kwantagora da Sakkwato da Katagum, ya buga littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa a 1916. Ƙamus ɗin Bargery ya fito a 1934, cike da sunayen ciyayi da kifaye da tsuntsaye. Littafin Ikon Allah na Rupert East da Abubakar Imam, wanda ya bayyana halittu da Hausa tsantsa, ya fara fitowa a 1949. An yi wasu ayyuka bayan waɗannan, amma mafi yawansu masana tsirrai ne suka yi su, da Ingilishi, don bukatar kimiyya. Tambayar da ta shafi Sashen Hausa daban take: daga cikin sunayen da Dalziel ya rubuta, nawa ne har yanzu ke bakin mutane, a wane gari, a bakin masu wace shekara, kuma me ya maye gurbin waɗanda suka mutu? Ba a amsa wannan a ɗakin karatu.

Babban cikas shi ne tsaro, kuma ba abin wasa ba ne. A watan Maris na 2022 'yan bindiga suka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a ƙasar Sakaba, suka kashe fiye da 60. A watan Nuwamba na 2025 aka sace ɗalibai mata 25 daga makarantar sakandaren Maga da ke Danko-Wasagu. Shi kansa gandun Kainji, wani rahoto da cibiyar Clingendael ta Holan ta fitar a 2024 ya nuna masu ɗauke da makamai da ke da alaƙa da ƙungiyoyin Sahel sun sami mafaka a cikinsa ta wajen iyakar Binin. Shugaban sashen da ya kwashi 'ya'yan mutane ya kai su kwana a Oli ko Zugurma cikin wannan hali ya yi ganganci.

Amma a lura da yadda dajin ya kai ga haka. Dokar gandu ta hana farauta da kiwo da saran itace a ciki, kuma dalilinta mai kyau ne, domin ba don ita ba da dabbobin sun daɗe da ƙarewa. Sai dai yadda aka aiwatar da ita ya mai da maharbin ƙauye ɓarawo a dajin da kakansa ya san kowace mashaya tasa, ba a kuwa ɗauki ma'aikatan da za su isa tsaron murabba'in kilomita 5,340 ba. Aka fitar da masu ido a kan daji, masu yawon buɗe ido ba su zo da yawan da za su maye gurbinsu ba, wuri ya zama kufai, mai bindiga ya shiga. Yanzu tsofaffin da suka san dajin da yawansu suna zaune a garuruwa, sun baro ƙauyukansu, ba su shiga dawa, ba su da wanda za su nuna wa. Kowace shekara da aka ce a jira sai ƙura ta lafa, ana binne wasu daga cikinsu.

Don haka jira ba shi ne mafita ba, motar kwana irin ta Amurka kuma ba a bukatarta. Motar sashen da tabarmi da gidan sauro da tukunya da na'urar ɗaukar magana sun wadatar. A fara da abin da zai yiwu. A garin Zuru akwai Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya, wadda aka kafa a 2020 a kan tsohuwar kwalejin aikin gona, tana da malamai masu sanin sunayen tsirrai na kimiyya. A nemi haɗin kansu, a kwana a cikin gari, a nemi izinin fada da shawarar jami'an tsaro, a fita da safe zuwa gonaki da gindin duwatsun da ke kusa, a dawo kafin la'asar. Lokacin da ya fi shi ne tsakanin Disamba da Fabrairu, an kawar da amfanin gona, ciyawa ta kwanta, sawu yana fitowa a ƙasa, dattawa kuma suna da sararin zama. In an yi dace ma a tarar da bikin Uhola. Maharbin ko makiyayin ko tsohuwar mai magani da za ta yi wa ɗalibai jagora a biya ta kamar yadda ake biyan malamin da aka gayyato daga wata jami'a, a rubuta sunanta da garinta a jikin kundin in ta yarda. Kowane ɗalibi ya dawo da suna 50, da hoton abin, da muryar wanda ya faɗa, a ajiye kwafe ɗaya a sashen, ɗaya a mayar Zuru.