Kafin kunamar bindiga ta shigo cikin salula

A ƙarshen shekarar 2004, wani mutum mai suna John Lockwood, mazaunin jihar Teksas ta Amurka, ya buɗe wani shafi a intanet da ya raɗa wa suna Live-Shot. Ya girka bindiga a kan wata na'ura cikin wani gandun namun daji, ya haɗa ta da kamara, ya haɗa kamarar da intanet. Duk wanda ya biya kuɗi, ko daga ina yake, zai iya zama gaban kwamfutarsa ya juya bakin bindigar, ya saita, ya danna, harsashi na gaske ya fita. Da fari allo ake harbi. A farkon 2005 wani abokinsa, yana zaune cikin ɗakinsa kimanin kilomita 70 daga wurin, ya harbi wani aladen daji. Bai kashe shi ba, sai da Lockwood, wanda ke tsaye kusa da na'urar, ya ƙarasa shi.

Hujjar Lockwood ita ce naƙasassun da ba su iya shiga daji su ma suna da haƙƙin farauta. Amma waɗanda suka fi kowa tayar masa da ƙayar baya su ne mafarautan kansu, har da babbar ƙungiyar masu bindiga ta Amurka, wadda aka san ta da ƙin kowace dokar taƙaita makami. A 2005 Teksas ta haramta wannan sana'a, kuma cikin ƴan shekaru jihohi sama da 30 suka bi sahunta. Maharbin Gobir ko na Damagaram ba zai buƙaci a fassara masa dalili ba: wanda bai sha rana ba, bai bi sawu ba, bai ji numfashin dabba na ƙarshe ba, ba a kiransa maharbi.

Ra'ayinmu a nan shi ne nisa yana kashe kunya, kuma makamin da ake harbawa daga nesa bai kamata a bari ya shiga hannun farar hula ba. Wannan magana an gwada ta. A 2007 wani mai fasaha ɗan asalin Iraƙi, Wafaa Bilal, wanda makami mai linzami na Amurka ya kashe ɗan'uwansa a garin Kufa a 2004, ya kulle kansa wata guda a wani ɗaki a birnin Shikago. Ya fuskantar da kansa ga wata bindigar fenti da kowa zai iya harbawa ta intanet. Kafin watan ya cika, an harbe shi sau fiye da 60,000, daga ƙasashe sama da 100. Mutanen nan ba su san shi ba, bai yi musu laifin komai ba, kuma da a ce gaba da gaba ne, da yawansu ba za su iya ko ɗaga masa murya ba. Gilashin kwamfuta ne ya ba su ƙarfin hali.

Mai karatu zai ce wannan wasa ne. To, ai daga wasan ne lamarin ya faro. Tun 1996 sojojin kundumbala na ruwan Amurka suka gyara wasan kwamfuta mai suna Doom domin horar da dakarunsu. Ranar 4 ga Yuli 2002 rundunar sojan ƙasa ta Amurka ta fitar da nata wasan, America's Army, kyauta ga kowa, da nufin jawo matasa shiga soja, kuma ba ta rufe shi ba sai 2022. Na'urar kwaikwayon yaƙi mai suna VBS, wadda rundunoni da dama na ƙasashen Yamma suka yi atisaye da ita, tushenta ɗaya ne da wasan Arma na kamfanin Bohemia Interactive na ƙasar Cek, wanda ake sayarwa a kasuwa. Haja tana fita daga bariki zuwa kanti, tana kuma komawa daga kanti zuwa bariki. A Yukren, tun 2024 ake ba rundunoni maki gwargwadon abin da suka hallaka, bayan an tantance hoton bidiyo, su kuma su musanya makin da sabbin kayan yaƙi. Ran mutum ya zama lamba a kan allo.

Illar farko ta riga ta iso mana, kuma a cikin aljihunmu take. Hotunan wasan Arma 3 sun yi kama da gaske har an sha yaɗa su a matsayin hotunan yaƙin Yukren da na Gabas ta Tsakiya, abin da ya sa kamfanin da kansa ya fito a 2022 yana gargaɗin jama'a. A Nuwamban 2017 ma'aikatar tsaron Rasha ta wallafa wani hoto da ta ce shaida ce cewa Amurka na taimakon ƴan ƙungiyar IS, daga baya aka gano daga wasan salula aka ciro shi. Idan ma'aikata guda ta faɗa wannan rami, ina ga ɗan kasuwar da aka turo wa bidiyo ta WhatsApp da daddare, aka ce masa a kan hanyar da motarsa za ta bi gobe aka ɗauka?

Illa ta biyu ta fi muni. Ƙananan jirage marasa matuƙi da aka ƙera don ɗaukar hoton biki su ne ƴan IS suka ɗaura wa gurneti a Mosul a 2016 da 2017. Irinsu aka kai wa shugaban Benezuwela Nicolás Maduro hari da su a Karakas a Agustan 2018. Ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai a Mali da Burkina Faso su ma sun koyi wannan dabara. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Mu a Nijar yaƙin nesa ba baƙonmu ba ne. Daga 2019 har ficewarsu a 2024, Amurkawa sun tayar da jiragensu marasa matuƙi daga sansanin 201 na Agadas, kuma ƙasarmu ta sayi nata jiragen samfurin Bayraktar daga Turkiyya. Maƙwabtanmu kuwa sun ga abin da kuskuren gilashi ke jawowa: a daren 3 ga Disamba 2023, jirgi maras matuƙi na sojan Najeriya ya jefa bam a kan masu Mauludi a ƙauyen Tudun Biri na jihar Kaduna, aka rasa rayuka aƙalla 85. Waɗannan sojoji ne masu horo, masu shugabanni, waɗanda ake iya tuhuma. Yaya ke nan in kunamar tana hannun wanda ba shi da kwamanda, ba shi da suna, wataƙila ma ba ya cikin ƙasar?

Dole mu yi adalci. Ba ma cewa duk yaron da ke wasan harbi a salula zai zama mai kisa. Na'urar kwaikwayo tana rage wa soja asarar mai da harsashi, tana kuma rage haɗari lokacin horo. Jirage marasa matuƙi suna kai jini asibitocin karkara a Ruwanda tun 2016 da Gana tun 2019. Wanda ya ce a hana duka ya cuci manomi da likita. Abin da muke nema iyaka ce bayyananniya, kuma mahukunta ne za su shata ta.

Na ɗaya, doka ta faɗa ƙarara cewa haɗa makami da kowace na'urar da ake sarrafawa daga nesa babban laifi ne ga farar hula, ko an harba ko ba a harba ba. Na biyu, jami'an duwan su sami horon gane wannan kaya da sassansa, domin jirgin da ke shiga cikin jakar hannu ba ya tsaya musu a shinge kamar tirela. Na uku, ɗan kasuwar da ke shigo da su ya riƙe rajistar wanda ya saya, kamar yadda mai gaskiya ke riƙe littafin bashi. Riba tana da daɗi, amma hajar da ta fita daga kantinka tana iya komowa ta saman rufinka. Na huɗu, mu ƴan jarida da ma'aikatan gwamnati mu daina tura bidiyon yaƙin da ba mu san asalinsa ba.

Jama'a, ƴan majalisar Teksas ba su jira aka kashe mutum ba, alade guda ya ishe su ishara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu kuwa mun saba sai haja ta cika kasuwar Maraɗi da ta Yamai sannan a kafa kwamiti. A wannan karon ya kamata doka ta riga haja isowa. Allah ya ba mahukuntanmu kunnen ji.