Daga Bakin Rahad: Man Kasbara da Cin Ruwa

Duk wanda ya yi damina a Hawata ya san baƙar lakar nan ta Gadarif, mai kama ƙafa kamar danƙo. Bana ita ta ja wa maigidana cin ruwa: tsakanin yatsu ya yi fari, ya tsage, ga ƙaiƙayi. Mutumin da ke wuni a tsaye kan buhunan dawa da riɗi, in ƙafa ta ƙi, ai ciniki ya tsaya.

Wani abokinsa a kasuwa ya ba shi 'yar kwalbar man kasbara. Ya shafa shi tsantsa, wallahi sai da ya kwana yana fifita ƙafa saboda zafi. Shi ya sa na zauna na bincika.

Man da ake nufi, da tururi ake tatso shi daga 'ya'yan kasbarar nan da muke dakawa a miya. Kaɗan yake fita: kilo 100 sau da yawa ba ya ba da kilo 1. Kusan kashi biyu cikin uku na man wani sinadari ne mai suna linalol, shi ne ƙamshin da kike ji in kin daka. Sauran su ne irin su kafur da finin.

Cin ruwa kuwa aikin ƙwayar cuta ce dangin fumfuna. A 2011 masu bincike a Fotugal sun gwada man a kan irin da ake kira kandida, suka ga yana lalata fatar da ta lulluɓe ƙwayar har ta mutu. A 2013 kuma a Jamus aka gwada shi a kan mutum 40 masu cin ruwa, aka ga sauƙi. Amma ku lura: kashi 6 cikin 100 kawai suka zuba a man shafawa, aka yi kwana 28 ana shafawa. Maigida kuwa tsantsarsa ya zabga, yana son warkewa a dare ɗaya.

To ga shawarata. Kada a shafa shi tsantsa, kada a sha. In an kawo miki babbar kwalba da araha, ki yi shakka, mai yiwuwa man riɗi ne aka ɗiga wa ƙamshi. Makeron kan yaro maganin sha yake so, a kai shi asibiti. Mai ciwon suga kuma, ko ƙaramar tsaga ya gani a ƙafa, likita zai nufa.

Maigida dai man shafawa na kantin magani ya yi masa aiki, tare da wanke ƙafa da shanya ta kowane dare. Kasbarata na bar ta a miya. Ku ma ku adana taku ba a daka ba, don linalol gudu yake in ya sha iska.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.