Mai zuwa Paris, ka yi lissafi da sefa

Jama'a masu bin mu, mun sha ganin ɗan uwa ya wahala kafin ya samu biza, ya sauka Paris, kwana uku guzuri ya ƙare. A ganinmu ba kallon gari ke cinye kuɗin ba, mota ce da ciki.

Yuro ɗaya sefa 656 ne. Taksi daga filin jirgin Charles de Gaulle zuwa cikin gari ya haura yuro 50, jika talatin da wani abu ke nan, ko akwati ba ka buɗe ba. Alhali jirgin ƙasa RER B zai sauke ka Gare du Nord. Akwai katin Navigo na sati, amma a kula, daga Litinin zuwa Lahadi yake aiki, ba daga ranar da ka saya ba. Kuma don Allah kar ka tsallake ƙofar metro, tarar ta ninka tikitin sau da yawa.

Cefane kuwa, ka nufi Château Rouge, layi na 4: kuɓewa, busasshen kifi, naman halal, kamar kana kasuwar gida. Ruwan famfonsu ana sha. Hasumiyar Eiffel, ka tsaya Trocadéro ka ɗauki hotonka kyauta, mu da za ka turo ma a WhatsApp ba mu tambayar ko ka hau.