Tarwada ba ta ƙarya, mu ne muke yi mata



Kwanaki wani dillali ya ɗauki tarwada a gonata, ya bandace ta. Bayan sati na tarar da ita a tebur ana cewa "bandar Baga ce, daga Tafkin Chadi", an kuma ɗora mata kuɗi. Wallahi abin ya tsaya min a rai.

To ku sani, jikin kifi yana riƙe da tarihin abin da ya ci da ruwan da ya zauna. Masana na gano haka ta hanyar awon aisotop, wato nau'o'in sinadari ɗaya waɗanda nauyinsu ya ɗan bambanta.

Misali, masara tana da kabon-13 fiye da yawancin tsirrai. Kifin da ya tashi da abincin buhu mai masara, namansa zai nuna. Naitirojin-15 kuma ƙaruwa yake yi daga abin da aka ci zuwa wanda ya ci, don haka tarwadar da ta rayu da farautar ƙananan kifaye za ta iya fita daban. Sannan akwai wani ɗan dutse a cikin kunnen kifi da ke girma zobe-zobe, yana ajiye oksijin da sitironshiyam na ruwan da kifin ya rayu a ciki, kuma ruwan kowane yanki da irin nasa.

Na san wani zai ce, "Malam, ina ruwan mai kifi 1,000 da wannan?" Gaskiya ne na'urar tana da tsada, kuma ba ta aiki sai an fara tara samfur daga Chadi, Kainji, Hadeja da gonakinmu don kwatantawa. Wannan aikin jami'o'i ne da cibiyar binciken kifi ta New Bussa, ya kamata ƙungiyoyinmu su matsa musu.

Amma fa ku tuna, a 2018 Amurka ta rufe ƙofa ga tarwadar Najeriya saboda ba a cika takardun da ta nema kan tsarin duba lafiyar kifin ba. Kasuwar waje ba ta karɓar rantsuwa, shaida take so.

Ni a ganina, ƙaryar "na rafi ne" tana cutar masunci, don ana cin kasuwa da sunansa. Mu ma tana cutar mu, don kullum kifinmu sai ya ari sunan wani kafin ya yi daraja. Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne.

Mu fara da abin da ke hannunmu: littafi ɗaya, a rubuta inda aka sayo 'ya'yan kifi, irin abinci, da ranar kwashewa. In ka bandace, sa sunan gonarka a leda, ka ce kifin kiwo ne, ba kunya.

Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka.