Labaran wasanni a zamanin intanet: wa za mu gaskata?

A kasuwanninmu na bakin iyaka, daga Ƙonni da Illela zuwa Ɗan Isa da Jibiya, babu hirar da ke daɗewa a bakin jama'a kamar ta ƙwallon ƙafa, in ka ɗebe ta canjin naira da sefa. Shekaru 20 da suka wuce, mai son jin sakamakon wasa sai ya jira labarun rediyo, ko ya biya kuɗi ya shiga gidan kallo. Yanzu kuwa labari yana shigowa cikin salula dare da rana, ta Facebook da WhatsApp da TikTok. Abin da ke damun mu, mu ma'aikatan gidajen rediyon al'umma, shi ne yadda gaskiya da ƙarya suke zuwa a cakuɗe, har mai sauraro ya kasa rarrabe tsaki da tsakuwa.

Bari mu soma da abin da ya fi ciwo. Ranar 6 ga watan Fabrairu na 2023 girgizar ƙasa ta auka wa kudancin Turkiyya, inda ɗan wasan Gana Christian Atsu yake buga wa kulob ɗin Hatayspor. Kashegari labari ya bazu cewa an zaƙulo shi da rai daga cikin ɓaraguzai. Wani jami'in kulob ɗin ne ya faɗa, hukumar ƙwallon Gana ta maimaita, manyan kafofin duniya suka ɗauka, jama'a suka yi ta hamdala. Ba a jima ba wakilinsa ya ce ba a san inda yake ba. Sai ranar 18 ga watan aka gano gawarsa a birnin Antakya, yana da shekara 31. Kowa ya dubi halin da iyalinsa suka shiga, an ba su albishir sannan aka karɓe. Duk cikin waɗanda suka yaɗa labarin babu wanda ya gan shi da idonsa. Kowa ya dogara ne da na gabansa.

Wannan ɗabi'a ta kwafe ba yau ta fara ba. A watan Janairu na 2009 jaridar The Times ta Ingila ta buga jerin matasan 'yan wasa 50 da suka fi fice, ta sa wani yaro ɗan ƙasar Moldoba mai suna Masal Bugduv a lamba ta 30, har ana cewa Arsenal na zawarcinsa. Ashe ba a taɓa haihuwar yaron ba. Wani ɗan jarida na ƙasar Ailan ne ya ƙirƙire shi, ya riƙa watsa labaran bogi a intanet don ya gwada ko akwai mai bincike. In har jarida mai shekaru sama da 200 za ta faɗa wannan rami, ina ga shafin da wani saurayi ya buɗe jiya?

Mu 'yan Nijar ma muna da namu misalin. Ranar 8 ga watan Oktoba na 2011 Afirka ta Kudu ta yi kunnen doki babu ci da Saliyo, Masar kuma ta doke Mena da ci 3 da nema. 'Yan wasan Afirka ta Kudu suka hau rawa a fili, gidan talabijin na ƙasarsu ya sanar cewa sun haye. Ƙasashen uku kowace tana da maki 9, amma dokar hukumar CAF ta ce a irin wannan hali sakamakon karawar da suka yi tsakaninsu ake dubawa, ba yawan ƙwallaye ba. Ta haka Mena ta samu zuwa gasar cin kofin Afirka ta 2012, karo na farko a tarihinta. Takardar dokar tana nan a rubuce, karantawa ce kawai ba a yi ba.

To, me ke kawo haka? Dalili na farko kuɗi ne. Mai shafi yana samun kuɗin talla gwargwadon yawan mutanen da suka leƙa, saboda haka wanda ya riga kowa shi ke cin kasuwa, ko da kayansa jabu ne. Na biyu, dillalan 'yan wasa. Duk wanda ya taɓa shiga kara ya san dillalin da zai ce maka wani Alhaji ya riga ya taya wannan sa, don kawai ka ƙara. Haka wakilan 'yan wasa suke raɗa wa 'yan jarida cewa kulob kaza na neman yaronsu. Ku tuna watan Agusta na 2024, lokacin da aka wuni aka kwana ana cewa Victor Osimhen ya kama hanyar Chelsea, wasu na cewa Al-Ahli ta Saudiyya. Aka rufe kasuwa bai je ko ɗaya ba. A farkon Satumba ya tafi aro Galatasaray ta Turkiyya, wadda ta saye shi a 2025 kan yuro miliyan 75, wato sama da sefa miliyar 49.

Na uku, alamomin da muka saba dogara da su sun lalace. A watan Nuwamba na 2022 kamfanin Twitter, wanda ya koma X, ya fara sayar da shuɗiyar alamar tantancewa a kan dalar Amurka 8 a wata, nan take aka samu masu buɗe shafuka da sunayen fitattun 'yan wasa da 'yan jarida. A 2023 kuma aka bankaɗo cewa shafin mujallar Sports Illustrated ta Amurka ya buga rubuce-rubuce da sunayen marubutan da babu su, hotunansu ma kwamfuta ce ta haɗa. Na huɗu, fassara. Labari yakan fito da Turanci ko Faransanci yana cewa ana tattaunawa, kafin ya iso rumfar mai shayi cikin saƙon murya ya zama an gama, an sa hannu.

Wani zai ce ai wasa ne, me ya yi zafi? Ɗan kasuwar da ya saro dila guda ta rigunan ƙwallo da sunan ɗan wasa a bayan rigar kulob ɗin da bai je ba, shi ya san abin da ya yi zafi. Haka maigidan da yaron shagonsa ya kwashe cinikin wuni ya zuba a caca, don wani shafi ya ce yana da sakamakon wasan da aka riga aka shirya. Mai irin wannan sirri, da gaske ne, ai ba zai sayar da shi jika ɗaya ba. Ga kuma gaba da ke shiga tsakanin maƙwabta, musamman lokacin kokowar takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975. Jihohi 8 ke kawo 'yan kokowarsu, kowa zuciyarsa na kan nasa, saboda haka guntun bidiyo ɗaya da aka yanke, aka ce alƙali ya ci hanci, ya isa ya haɗa abokan ciniki faɗa.

Maganin yana hannunku, domin kun riga kun iya shi. Babu ɗan kasuwar da zai canza kuɗinsa don ya ji a tasha cewa naira ta tashi, sai ya buga wa mutuminsa na Jibiya ko na Kano ya tabbatar. A yi wa labarin wasa haka. A tambaya, wa ya faɗa? Idan cinikin ɗan wasa ne, a jira sanarwar kulob ɗin da kansa. Idan hukunci ne, a jira CAF ko FIFA ko FENIFOOT. Idan rasuwa ce, a jira iyali, kada a tura wa kowa kafin nan. A dubi ranar da aka ɗauki bidiyo, domin tsohon wasa yakan dawo da sabuwar riga.

Mu ma da muke riƙe da makirfo akwai nauyi a kanmu. Ƙa'idar aikinmu ita ce majiya biyu kafin a watsa, kuma a gaya wa mai sauraro ƙarara wanne ne tabbas, wanne ne raɗe-raɗi. Gara a ce gidan rediyo kaza ya makara da awa biyu, da a ce ya kashe mai rai ko ya raya matacce. Masu iya magana sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma amana ita ce jarin ɗan jarida kamar yadda take jarin ɗan kasuwa. Allah ya sa mu dace, ya ba da kasuwa mai albarka.