Ƙashin dinozor ba iri ba ne, balle a shuka shi

Jama'ar Agye, Gazawa da Gidan Runji, akwai wani zance da ake maimaitawa a fadar shan shayi: wai Turawan da ke tonon ƙasusuwan dinozor a jihar Agadas so suke su ciro ADN daga ciki su sake ƙera dabbobin, kamar a fim ɗin Jurassic Park na 1993. To, fim dai fim ne.

Ƙasusuwan gaskiya ne. A Gadufawa, cikin Tenere, aka tono Nigersaurus, mai haƙora wajen 500, wanda Paul Sereno na jami'ar Shikago ya raɗa wa suna a 1999. Wanda ya taɓa shiga gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai ya ga irin girman waɗannan halittu. Amma shekarunsu sun haura miliyan 100, kuma ƙashin ya riga ya zama dutse.

ADN, wato saƙon gado da ke cikin ƙwayoyin jiki, ba ya jure haka. Da dabba ta mutu sai ya fara gutsurewa, zafi da laima suna ƙara masa sauri. Mafi tsufan da aka karanta, wanda aka bayyana a 2022, shekara miliyan 2 gare shi, kuma daga daskararriyar ƙasar Girinlan aka samo shi. Ku kwatanta can da rairayin Tenere a watan Afrilu! Ko shi ɗin ma gutsattsari ne, ana karanta shi, ba a haihuwa da shi. Tunkiyar nan Dolly ta 1996 daga ƙwayar jikin tunkiya aka yi ta, wadda aka adana da ranta. Kerkecin da kamfanin Colossal ya nuna a 2025 kuwa, na yau ne aka yi wa kwaskwarima a gadonsa.

Ni abin da ke damuna shi ne yadda muke ɓata baki kan abin da ba zai dawo ba, alhali wanda zai iya dawowa yana ƙofar gidanmu. Manoman Ɗan Saga ba su jira wani ɗakin bincike ba. Kututturen da ake ganin ya mutu saiwarsa na da rai, suka bar tohon, suka yi masa sassabe, suka kafa kwamitin tsaro, itatuwa suka dawo gonaki. Raƙuman dawa sun koma Gadabeji a 2018 ne don akwai sauransu da rai a Kure, aka ɗauko takwas.

Sai jar akuyarmu ta Maraɗi, mai tagwaye da fatar da ake nema har ƙasashen waje. Kowane bunsuru aka samu sai a sake shi cikin garke, ja na gaske kuma shi ake fara kaiwa kasuwa don ya fi kuɗi. A haka jininta ke surkuwa, kuma in ya ɓace ba wanda zai tono shi daga ƙashi. Ƙungiyoyin mata masu kiwo da ma'aikatan gidan dabbobi su tsaya a kan wannan: kowane gari ya ware jan bunsuru na barbara, a hana sayar da shi ko da salla ta matso.